Zagayen DESY a Hambug: zauren gwajin nan kaɗai ya biya ni

Jama'a duk wanda ke Jamus ko hanya ta biyo da shi Hambug, ya daure ya yi rajistar zagayen da cibiyar binciken kimiyya ta DESY ke yi da baƙi, kyauta ne ko sisi ba a karɓa. Da 'yan ajinmu muka je, ruwa tun safe, ni kuma na fito ba lema, wannan dai laifina ne.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne zauren gwajin da suke kira AMTF. Nan aka gwada bututan da ke ingiza elektron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, a European XFEL, na'urar samar da hasken X-ray mai ƙarfi, wadda raminta ya taso daga DESY har garin Schenefeld, kilomita 3.4, ta fara aiki 2017. Bututun in ka gan shi kamar an jera ƙananan tukwane tara an liƙe su, tsawonsa wajen mita ɗaya, ƙarfen niyobiyum zalla. Sai an sanyaya shi da ruwan hiliyom har digiri 271 ƙasa da sifili sannan wuta ke bin jikinsa kusan ba asara. Guda 800 kamfanoni biyu suka ƙera, ɗaya a Jamus ɗaya a Italiya, kuma fa kowanne sai da aka tsoma shi a tsaye cikin tankin hiliyom ana ƙara masa ƙarfi kaɗan kaɗan har a ga inda zai ce ya gaji, ana son kowace mita ta ba da bolt miliyan 23.6, in ɗan wuri ɗaya ya ɗumama shi ke nan ƙarfin wutar ya rushe nan take. Injiniyoyi daga Krakow ta Folan ne suka riƙe wannan gwajin.

Babban maƙiyinsu wai ƙura. Ɗigo ɗaya a ciki ya isa ya sa bututun ya riƙa fesa elektron inda ba a so, sai a mayar da shi ɗakin tsafta a wanke da tataccen ruwa mai ƙarfin feshi a sake gwadawa. Wallahi ƙurar hunturun Kano na tuna, na yi dariya ni kaɗai.

Na kuma gaya wa na kusa da ni niyobiyum ɗin nan daga ma'adinin kwalambait ake samunsa, wanda aka haƙa sosai a Jos shekarun 1950, yanzu dai Burazil ke riƙe da kasuwar. Bai yarda ba sai da ya duba waya.

Mai neman walƙiya da tartsatsi zai ga fayif da tankuna ne kawai. Mai son injiniyanci kuwa ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya riƙe lema.