Farashin Lemo da Zaɓen Wurin Cefane a Makka da Madina

Matafiya da yawa kan tambayi kuɗin gwangwanin lemo da zarar sun sauka a wata ƙasa, domin Coca-Cola da Pepsi kaya ne da ake samu kusan ko'ina, kuma mutum ya san farashinsu a gida. Daga nan sai su yanke hukunci a kan tsadar abinci ko arahar sa. Ga mai niyyar aikin Hajji ko Umara, wannan ma'auni yana da amfani, amma amfaninsa ya fi ƙarfi wajen kwatanta shago da shago, ba ƙasa da ƙasa ba.

Dalili shi ne haraji. A shekarar 2017 Saudiyya ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba da na gwangwani, da kashi 100 a kan abubuwan sha masu ƙara kuzari, sannan a 2020 ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 15. Najeriya kuwa, harajin da ta fara karɓa a 2022 naira 10 ne kacal a kan kowace lita. Saboda haka wanda ya ga lemo da tsada a Makka bai kamata ya ɗauka cewa shinkafa da ƙwai da kaza haka suke ba, domin wancan haraji na musamman bai hau kansu ba, kuma gurasa tana cikin abubuwan da suka fi araha a ƙasar.

Inda lemo yake faɗar gaskiya shi ne wajen gane yadda kowane shago yake ɗora riba. A filin jirgin Jidda da ɗakunan otal, farashinsa yana sama ƙwarai, kuma duk abin da ake sayarwa a gefensa haka yake, don haka ba wurin cefane ba ne sai da lalura. Ƙananan shagunan da ke dab da Harami suna biyan haya mai yawa, musamman a Ramadan da lokacin Hajji, kuma mai saye ne yake ɗaukar nauyin. Amfaninsu kusanci ne, abin da ba a raina shi ga tsoho ko wanda ya gaji bayan ɗawafi.

Baƙala, wato shagon unguwa irin wanda ake samu a unguwannin Misfala da Aziziyya a Makka, ita ce ta fi dacewa da sayayyar yau da kullum: ruwa, madara, gurasa, ganyen shayi da ayaba. Idan mutum ya shiga baƙala biyu ko uku a layin masaukinsa, ya duba kuɗin gwangwani iri ɗaya mai girma ɗaya, zai gane wanda yake tsawwalawa baƙi. Ya kula da girman, domin akwai siririn gwangwani da ke kama da na kullum alhali abin da ke ciki bai kai ba.

Manyan kantuna kamar Bin Dawood da Panda da Othaim su ne zaɓin masu tafiya a ƙungiya. Farashi a rubuce yake a jikin kanta, babu ciniki, kuma sayen katan ɗin ruwa ko babbar gorar lemo ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai a nan lemo kan yi ruɗi, domin kanti yana iya karya farashinsa don jawo mutane, ya bar sauran kaya yadda suke. Ga kuma kuɗin mota idan reshen yana da nisa da masauki.

A ganina, kafin mutum ya tsayar da shagon da zai riƙa zuwa, ya haɗa lemon da abubuwa uku da zai ci da gaske, kamar kiret ɗin ƙwai, kilon shinkafa da robar madara. Lissafin guzuri ba shi da wahala, tunda an ɗaure riyal da dalar Amurka a kan 3.75, wato dala 100 tana daidai da riyal 375 kafin 'yan canji su cire nasu. Ruwan Zamzam kuwa kyauta ake shan sa a cikin masallatan biyu, abin da ke rage kuɗin abin sha sosai ga wanda yake yini a can.