Buhun PICS: ajiyar wake ba fiya-fiya, ba bom

Duk wanda ya taɓa kwance buhun wake a watan Maris ya tarar da gari a gindinsa, kowace ƙwaya da huji biyu ko uku, ya san abin da ke sa 'yan kasuwa zuba magani. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfanin. Yana saka ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, kafin wata guda a lokacin zafi sabbi sun fito sun ɗora daga inda iyayensu suka tsaya. Maganin da aka saba shi ne fiya-fiya ko ƙwayar nan da ake kira bom. Fiya-fiya yana maƙalewa a jikin waken har tukunya, kuma saboda sinadarinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Bom kuwa hayaƙi yake fitarwa mai kisa, idan aka ajiye buhun a ɗakin kwana.

Buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi da ke hana iska shiga, an yi shi ne don a rabu da waɗannan biyun. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara gwada dabarar tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, aka soma yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. A Najeriya kamfanin Lela Agro da ke Kano na yin sa. Akwai mai kilo 50 da mai kilo 100. Hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje wanda aikinsa ɗaukar nauyi da kare ledojin.

Babu magani ko ɗigo a jikinsa. Da zarar an ɗaure, ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shaƙe 'yar iskar da ta rage tsakanin ƙwayoyin. Idan ta yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Waken da aka zuba a Nuwamba yana fitowa a Yuni da haskensa, ba warin magani, kuma ya yi iri idan aka shuka. A wannan fannin buhun bai da abin kushewa.

Inda ake samun matsala shi ne wajen zubawa, don haka a nan ya kamata a natsu. Kafin komai a buɗe kowace leda a ɗebo iska, a murɗe bakinta, a danna da tafin hannu. Idan tana sacewa akwai huji, ko da bai wuce na allura ba. A sa leda ta farko cikin ta biyu, su biyun cikin buhun saƙa, a naɗe bakunansu waje. A fara zuba kwano biyu ko uku, a gyara gindin ledojin su zauna daram a kusurwoyi, sannan a ci gaba, ana jijjiga buhun don waken ya zauna. Kada a cika shi maƙil. A bar wajen kamu biyu a sama. A matse iskar da ke ledar ciki, a murɗe bakin sosai, a lanƙwasa shi gida biyu, a ɗaure. Sai ta biyu ita ma haka, sai buhun waje. Ɗauri uku ke nan, kowanne daban. Masu gaggawa kan haɗa ukun su ɗaure da igiya ɗaya, daga baya su ce buhun ba ya aiki. Igiyar ma a kula: waya ko zare mai kaifi yanka ledar yake yi, tsumma ko robar tayar keke ta fi.

Babban raunin buhun, wanda masu sayarwa ba su cika faɗa ba, shi ne ba ya busar da komai. Abin da ka zuba da danshi, da danshinsa zai zauna, ya yi tsami ya canza launi, iri kuma ya mutu. Ga masara da gyaɗa lamarin ya fi tsanani, domin fumfunar da ta kama su tun a gona ko wajen shanya tana barin gubar aflatozin, mai lalata hanta da tauye girman yara, kuma rufewa a leda ba ta cire gubar da ta riga ta shiga. Masara ana so danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. Wanda bai da na'urar awo sai ya zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a kwalba busasshiya, ya girgiza ya bari na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. A kuma sheƙe shi da kyau, don tsinken kara da tsakuwa mai baki suna huda leda daga ciki. Hatsin da aka kwaso daga shanya a bar shi ya huce tukuna.

Ɓera bai cika jin ƙanshin abin da ke ciki ba, amma idan ya ci karo da buhun a hanyarsa zai gwada haƙori. A ɗora shi kan katako, nesa da bango, ba inda rana ke duka ba. Haka nan 'yan dako masu ƙugiya da masu soka bututun duba hatsi a kasuwa irin Dawanau, sau ɗaya suka taɓa shi ya tashi aiki.

Ta fuskar kuɗi ya ninka buhun gama-gari sau da yawa, kuma a ƙauyuka da dama sai an shiga birni kafin a same shi, musamman da kaka lokacin da ake buƙatarsa. Akwai jabu masu siririyar leda, ga tambari kamar na gaske. A taɓa ledar: ta gaske tana da tauri, ba ta miƙewa da ɗan ja. Idan aka kula da shi yana yin kaka uku, wanda ke rage tsadar sosai ga mai ajiya don jiran farashin damina.

Gidan da ke ɗibar wake kullum kada su sayi mai kilo 100 su riƙa buɗewa, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro. Gara mai kilo 50 guda biyu, a bar kowanne a rufe aƙalla wata biyu kafin a taɓa, a ɗebi na mako biyu lokaci guda a sake ɗaurewa yadda aka yi da farko. Ledar da ta sami ƙaramin huji ana iya liƙe ta da salatif mai ƙarfi a mayar da ita ta biyu, sabuwa ta zauna a ciki.