Kamfanin sayen tsofaffin batura a Garwa: aikinsu ya gamsar, hannun jarinsu da sauran magana

Duk mai sola a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san cewa zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana kashe batir tun wa'adinsa bai cika ba, ga kuma ɗauke wuta da ake fama da shi duk sa'ad da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, abin da ya sa gidaje da shaguna suka dogara ga batura. Wannan ne ya buɗe kasuwa ga wani ƙaramin kamfani da wasu matasa suka kafa a bayan gari, wanda ke sayen matattun baturan mota da na babur da na sola, kuma kwanan nan ya fara gayyatar jama'a su sayi hannun jari a cikinsa. Na kai musu baturan shagona, na kuma zauna da manajansu a kan batun jarin.

Ta fuskar aiki, sun cancanci yabo. Sikelinsu yana bakin ƙofa, lambobinsa suna fuskantar mai kaya, kuma ana rubuta nauyin a rasit kafin a yi maganar kuɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa fasa batir, ba sa tsiyaye ruwansa. A tsaye suke jera su bisa katako a ɗaki mai daɓen siminti, yaran da ke ɗauka kuma suna sanye da safar hannu da takalmin roba. Farashinsu ya ɗan gaza na 'yan gwangwan, amma wanda ya taɓa ganin yadda ake sare batir da adda a lungu, a zubar da ruwan cikin kwata inda yara ke wasa, ba zai yi ƙorafi a kan wannan giɓin ba. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 gubar dalma daga irin wannan sana'a ta kashe yara 18 a Thiaroye, kusa da Dakar, mu kuma Hausawa ba mu manta da Zamfara ta 2010 ba, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta hallaka yara sama da 400. Aibin kamfanin ɗaya shi ne jinkirin biya idan kayan suna da yawa.

Batun jari ne yake bukatar natsuwa. Fiye da rabin nauyin batir ɗin mota dalma ce, kuma ana iya narkar da ita sau da yawa ba tare da ta lalace ba, saboda haka mai saye ba ya yankewa. Sai dai ba a Garwa ake yanke farashinta ba, a kasuwar ƙarafa ta Landan ne, inda tan ɗaya ya daɗe yana kai-komo a wajajen dala 2,000. Wannan kamfani kuwa ba ya narkarwa. Tarawa yake yi, ya loda a mota zuwa Ngaundere inda layin dogo ya fara, daga nan kayan su gangara kudu. Ribarsa ita ce ɗan abin da ya rage bayan kuɗin saye da na dako da na hanya, idan kuma aka ce za a fitar da kayan waje, Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta wajabta neman amincewar ƙasar da za ta karɓa. Sana'a ce mai ɗorewa a ganina, amma bunƙasarta a hankali take, gwargwadon yawan baturan da aka iya tarawa.

Inda ban gamsu ba shi ne takardar tallarsu, wadda rabinta a kan baturan litiyam take. An kawo misalin Redwood Materials, kamfanin sake sarrafa tsofaffin batura da JB Straubel, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina kamfanin motocin lantarki na Tesla, ya kafa a jihar Nevada ta Amurka a 2017, amma ba a ambaci takwaransa Li-Cycle na Kanada ba, wanda ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2025 har kamfanin ma'adinai na Glencore ya saye shi, balle Northvolt, kamfanin ƙera batura na Suwidin, da shi ma ya durƙushe a 2025. Farashin litiyam ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, sannan ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100, ya tafi da lissafin kamfanoni masu biliyoyin dala. Bugu da ƙari, yawancin baturan litiyam na sola da ke shigowa kasuwanninmu irin LFP ne, waɗanda babu kobalt ko nikel a cikinsu, alhali waɗannan ƙarafan biyu ne ke biyan kuɗin sarrafawa. Tara su a rumbu cikin zafin Garwa ma haɗarin gobara ne kafin ya zama riba.

Manajan ya karɓe ni da mutunci, ya nuna mini rajistar kamfanin a ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ya kuma tabbatar mini cewa rabon riba da asara ne, ba ƙayyadadden ruwa ba, abin da ya kwantar mini da hankali ta fuskar addini. Amma littafin kuɗinsu babu akanta na waje da ya duba shi, kuma babu rubutacciyar hanyar da mutum zai sayar da hannun jarinsa idan bukata ta taso masa. Wannan ba adashi ba ne da kowa ya san ranar kwasarsa.

Zan ci gaba da kai musu batura, ina kuma tura maƙwabtana wurinsu. Kuɗina kuwa ba za su shiga ba sai na ga yarjejeniyarsu da masana'antar da ke narkar da dalmar a rubuce, tare da lissafin shekara guda da akanta ya sa wa hannu, kuma manajan ya ce zai gabatar da duka biyun a taron masu hannun jari mai zuwa.