Gawayi ko zeolite: wanne ya fi kama wari?

A Yamai ƙurar hunturu kowa ke kuka da ita, amma matatar ƙura ta na'urar tace iska ba ta tare warin fetur ko na fenti. Wannan aikin gawayi ne ko ma'adinin zeolite, waɗanda gurɓatacciyar iska ke maƙalewa a ramukansu kamar yadda turaren wuta ke kama tufafi.

Gawayin nan ba irin na mai shayi ba ne. Sau da yawa ɓawon kwakwa ake ƙonawa, a bi shi da tururi mai zafin kusan digiri 900 har ya koma ramuka zalla. In aka shimfiɗa ramukan da ke cikin giram 1, faɗinsu kan kai murabba'in mita 1000. Warin mai da na fenti abincinsa ne, sai dai laimar Agusta tana rage masa ƙarfi, kuma in ya ƙoshi dole a canza.

Zeolite ma'adini ne, ya fi gwaninta kan amoniya, wato zarnin makewayi da na akurkin kaji.

Mai shago a bakin titin kasuwar Katako, inda kabu-kabu ke tirniƙa hayaƙi, gawayi zan ce ya saya. Gubar garwashi a rufaffen ɗaki kuwa, kada a dogara da ko ɗaya, a buɗe taga.