Tsohuwar manhaja a sabuwar laftof: Intel, Mac ko Snapdragon?

Idan abincinka yana kan tsohuwar manhajar lissafin kuɗi ko tsohuwar firinta, sayi laftof mai furosesar Intel ko AMD. Manhajar da aka rubuta da yarensu tana magana da su kai tsaye, ba tafinta a tsakani. Ni ThinkPad ta hannu mai Core i5 nake riƙe da ita a shagona, kuma duk abin da na ɗora mata ta karɓa, har direban firintar da ta haura shekara goma (direba ita ce manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta). Batirinta bai kai na sababbin ba, na yarda, amma ban taɓa sallamar mai aiki don manhaja ta ƙi tashi ba.

Mac mai furosesar Apple M1, wadda ta fito a 2020, tana fassara manhajojin Mac da aka rubuta don Intel da wani tafinta mai suna Rosetta 2, amma Apple ta sanar cewa bayan macOS 27 za ta taƙaita shi ƙwarai. Furosesar Snapdragon X kuwa, tafintansa mai suna Prism yana fassara manhaja, ba ya fassara direba. Da wannan kaɗai na ajiye shi.

Ka je kasuwa da manhajarka a filashi, a ɗora a gabanka. Buɗe Task Manager, a shafin Details ka ƙara layin Architecture: idan injin ARM ne (irin Snapdragon) kuma ka ga x64 ko x86, wato yaren Intel da AMD, fassara ake yi. In manhajar ta rufe kanta ba sallama, duba Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakurai. Lambar 0xc000001d tana nufin an ba furosesa umarnin da bai sani ba.

Wannan lambar ce ta taɓa tona mini asirin wani mai shago. Ya sayar mini da laftof mai sitikar i5, ashe Celeron ce, irin tsofaffin da ba su da AVX, wani rukunin umarni da wasu manhajoji ke buƙata. Kwana uku ina sake Windows, ina zargin bairos, aikin mutane yana jibge. Sitika ba shaida ba ce, ana ɓamɓarowa a liƙa. Sunan furosesa ma ana iya sauya shi a cikin Windows, don haka ka sake kunna injin ka shiga BIOS ka karanta da idonka, sannan ka gwada da CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa. Wanda ya ce maka "ai ba caji, ka gwada a gida", ka mayar da kuɗinka aljihu. Wanda kuma ya yarda a gwada, sa shi ya rubuta sunan furosesar a kan rasit kafin ka ƙirga masa kuɗi.