Kare al'umma ko kare mutum?

Gwamnatin addini na da hanya biyu ta kare waɗanda ba sa bin addininta. Ta farko, ta amince da wasu al'ummomi a dunƙule. Tsarin mulkin Iran na 1979 ya ambaci Kirista, Yahudawa da Majusawa (mabiya tsohon addinin Farisa), kuma yau suna da kujeru 5 a majalisa. Mabiya addinin Baha'i fa? Babu su a jerin, ko jami'a an hana su shiga.

Ta biyu, a kare kowane mutum a karan kansa. Ingila na da cocin gwamnati, sarki ne shugaban cocin, amma ba a tambayar addininka kafin ka jefa ƙuri'a. Wannan ta fi kwanta mini a rai, duk da cewa har gobe ɗan Katolika ba zai hau gadon sarautar ba.