Inshorar kyanwa a Birtaniya: wacce za ka saya idan kuɗin gwaji ne damuwarka

Ɗan'uwanmu da ya zauna a Birtaniya ya saba da zuwa asibitin NHS, wato na gwamnati, a duba shi ba tare da ya ciro ko kwabo daga aljihunsa ba, shi ya sa ranar da ya fara kai kyanwar gidansa wurin likitan dabbobi yakan sha mamaki. Dabba ba ta da wannan gatan a ƙasar nan. Ganin likita kuɗi ne, ɗiban jini kuɗi ne, kuma tun kafin a gano abin da ke damunta an riga an kashe abin da zai ciyar da gida na makonni. Tsadar ta kai har hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar, CMA, ta buɗe cikakken bincike a kan asibitocin dabbobi a 2024, bayan ta lura cewa manyan kamfanoni shida ne ke riƙe da kusan kashi 60 cikin ɗari na asibitocin. Na san akwai masu tantama a kan hukuncin inshora a addini, kuma wannan magana ce da kowa zai kai wa malaminsa. Ni ina rubuta wa wanda ya riga ya yanke shawarar saye ne, yana neman sanin wacce zai ɗauka.

Abin da ya sa na damu da batun gwaji fiye da komai shi ne abin da ya faru da kyanwarmu Toka lokacin da ta kai shekara tara. Mun lura tana yawan zuwa wurin kwanon ruwa, tana ramewa duk da cewa ba ta daina cin abinci ba. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, kuma waɗannan alamomi biyu suna iya nuna ciwon ƙoda, ko ciwon suga, ko yawan aikin ƙwayar tayiroid da ke wuya, don haka babu likitan da zai faɗi wanne ne ta hanyar dubawa da ido kawai. Sai da aka ɗebi jini aka auna kiriyatinin da SDMA saboda ƙoda, aka auna suga da sinadarin T4 na tayiroid, aka gwada fitsari, aka auna hawan jini, daga baya kuma aka aske mata gashin ciki aka yi mata sikanin. Sakamako ya nuna ciwon ƙoda ne, wanda ba ya warkewa, sai dai a riƙa lallaɓawa da abinci na musamman da maimaita gwaji duk bayan 'yan watanni.

Na cika takardar neman biya da kwanciyar hankali, domin na shekara da shekaru ina biyan kuɗin inshora ba fashi. Kamfanin ya nemi tarihin lafiyarta daga asibiti, kuma a ciki suka ga layi ɗaya da likita ya rubuta wata goma kafin nan, ranar da muka je allurar riga-kafi, cewa mai ita ya ce tana ɗan yawan shan ruwa. Inshorar da na saya mai wa'adin wata 12 ce, kuma a sharuɗɗanta ana fara ƙirga wa'adin daga ranar da alamar ciwo ta fara bayyana. Sun biya gwajin farko, bayan wata biyu suka rufe maganar ƙoda gaba ɗaya. Da na nemi komawa wani kamfani, kowa ya ce ciwon ya riga ya zama tsoho, ba za su ɗauke shi ba. Duk gwajin da aka yi wa Toka tun daga lokacin daga aljihuna ya fito.

Inshorar dabbobin gida a nan iri huɗu ce. Ta hatsari kaɗai ita ce mafi araha, amma ba ta biyan ko gwajin jini guda idan ciwo ne ya kama dabbar, don haka ban ga amfaninta ga mai kyanwar da ke zaune a ɗaki ba. Ta wata 12 ita ce wadda ta ƙone ni, kuma ba zan shawarci kowa da ita ba. Ta uku tana ware wani adadi na kuɗi ga kowace cuta ba tare da wa'adi ba, sai dai idan adadin ya ƙare ya ƙare ke nan har abada, kuma ciwon da ake bibiya shekara biyar yakan cinye shi tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Ta huɗu ita ce ta tsawon rai, wadda kamfanoni ke kira laiftaim, kuma ita nake so mai karatu ya tsaya ya fahimta sosai. A cikinta ana ba ka wani adadi na kuɗin likita a kowace shekara, idan shekara ta zagayo ka sabunta sai adadin ya dawo cikakke, har ga ciwon da aka riga aka biya bara. Da ita na saya wa Toka tun tana ƙarama, da gwajin jininta na bana da na baɗi da na shekarar da ke biye duk suna ciki, muddin ban bari inshorar ta yanke ba. Wannan sharaɗi na rashin yankewa shi ne ginshiƙinta: idan ka tsallake sabuntawa, ko ka sauya kamfani don neman rangwame, galibi ciwon da ke cikin tarihin dabbar yakan fita daga lissafi. Saboda haka kamfanin da ka zaɓa a farko kusan da shi za ka zauna har ƙarshen ran dabbar, kuma kyanwa tana iya kai shekara goma sha biyar ko fiye. Tsofaffin kamfanoni irin su Petplan, wanda aka kafa a 1976, da Agria, wanda asalinsa na ƙasar Suwidin ne tun 1890, suna sayar da irin wannan, haka ma wasu da dama da suka zo daga baya, amma suna kaɗai ba ya isa sai ka karanta takardar sharuɗɗa.

Tana da nata nauyin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ita ce mafi tsada, kuɗinta yana hawa yayin da dabbar ke tsufa, kuma kalmar tsawon rai ba alkawari ba ne cewa farashi zai tsaya wuri ɗaya. Akwai kuma kason da mai dabba ke biya da kansa kafin kamfani ya sa hannu, wanda a yawancin irin wannan inshora ana biyansa ne a kan kowace cuta a kowace shekara. Idan dabbar ta manyanta, kamfanoni da yawa sukan ƙara da cewa ka biya wani kaso cikin ɗari na abin da ya rage. A ce kuɗin gwaji da magani ya kama fam 2,000, kasonka na farko fam 100 ne, sannan akwai kashi 20 cikin ɗari a kanka: za ka biya fam 100, ka ƙara fam 380, kamfani ya biya fam 1,520. Duk da haka, wanda ya taɓa tsayawa a gaban likita yana lissafin ko zai iya biyan sikanin ko kuwa a bar dabbar haka, ya san cewa fam 480 ya fi fam 2,000 sauƙin samu.

A yawancin takardu gwaji yana ƙarƙashin kuɗin likita ne, tare da magani da tiyata da kwanciya, matuƙar likita ne ya nema don gano wani ciwo da inshorar ta ƙunsa. A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Wasu kamfanoni suna rubuta babban adadi a talla, amma a ciki sun sa wa hotunan cikin jiki na MRI da CT ƙaramar iyaka ta daban. Waɗannan hotuna ba a yi wa dabba su sai an sa ta barci da allura, galibi a asibitin ƙwararru da likitanka zai tura ka, kuma kuɗin MRI yakan kai dubban fam, don haka iyakar da ba ta kai kuɗin hoto ɗaya ba ado ce kawai a takarda. Ka tambaya kuma ko adadin shekara ɗaya ne ga dukkan cututtuka, ko kuwa kowace cuta da nata. Ka tambaya abin da zai faru idan aka yi gwaji ba a gano komai ba, domin hakan yana faruwa sosai. Kafin a yi babban gwaji, ka nemi kamfani ya amince a rubuce, ka kuma ji daga asibiti ko sun yarda kamfani ya biya su kai tsaye, domin wasu asibitocin sai ka biya tukuna sannan ka bi kuɗinka. Gwajin duba lafiya na shekara ga dabbar da ba ta nuna alamar ciwo ba, da riga-kafi, da fiɗiya, da maganin ƙuma da tsutsar ciki, kusan babu inshorar da ke biyansu. Haka nan ciwon da ya bayyana a kwanakin farko bayan saye, yawanci kwana 14, ba ya shiga.

Masu cewa gara ka riƙa tara kuɗin a asusunka sun yi gaskiya ne kawai idan ciwo zai jira asusun ya cika. Ƙungiyoyin agaji irin su PDSA da Blue Cross suna taimakon masu karɓar wasu tallafi na gwamnati da ke zaune kusa da asibitocinsu, amma ba kowa ne ya cancanta ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne yawan hanyoyin da ake cutar mutane da sunan inshora, musamman baƙi waɗanda ba su gama sanin ƙa'idojin ƙasar ba. Akwai dillalan bogi da ke tallar inshora mai araha a Facebook da WhatsApp da Instagram. An fi saninsu a inshorar mota, amma salon ɗaya ne ko'ina: za su karɓi kuɗinka su ba ka takardar jabu, ko su saya maka ta gaske da bayanan ƙarya, ko su saya su soke bayan kwana kaɗan su karɓe kuɗin. Ba za ka gane ba sai ranar da ka nemi a biya ka. Duk mai sayar da inshora a ƙasar nan dole ne ya kasance a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin harkar kuɗi, kuma rajista ce da kowa zai iya dubawa kyauta a intanet. Ka duba sunan, ka kuma kira lambar da ke cikin rajistar, ka bar wadda aka turo maka a saƙo. Wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa na kansa, ko da ɗan garinku ne kuna sallar Juma'a tare, kada ka tura.

Akwai kuma ruɗanin da ba zamba ba ne amma yana jawo asara iri ɗaya. Asibitoci da yawa suna da tsarin biyan kuɗi wata-wata wanda ke ɗauke riga-kafi da maganin ƙuma da duba lafiya. Tsari ne mai amfani, sai dai ba inshora ba ne, kuma na ga wanda ya shekara uku yana biyansa yana zaton ya rufe komai, sai da karensa ya buƙaci hoton ƙashi ya gane babu ko sisi a ciki domin wannan.

Mafi haɗari a ganina ita ce shawarar da ake ba juna a ɓoye, cewa idan ka ga dabba ta fara ciwo ka yi sauri ka sayi inshora, ka jira makonni biyu su wuce, sannan ka kai ta asibiti. Wannan ha'inci ne, kuma ba ya ɓoyuwa, domin likita zai tambaye ka yaushe alamar ta fara, sakamakon gwajin kansa yakan nuna ciwon ya daɗe, kamfani kuma zai karanta tarihin daga farko har ƙarshe. Wata dokar inshora ta 2012 ta ɗora wa mai saye nauyin amsa tambayoyin kamfani da gaskiya da kulawa, kuma idan aka tabbatar da gangan ya yi ƙarya, ana iya soke inshorar a hana shi komai, sunansa kuma ya ɓaci a wurin sauran kamfanoni. Rage shekarun dabba ko ɓoye asibitin da ta taɓa zuwa duk hukuncinsu ɗaya, tun da yanzu doka ta wajabta sa wa kyanwa ɗan ƙaramin guntun shaida a ƙarƙashin fata a Ingila daga ranar 10 ga Yuni 2024, kamar yadda ta wajabta wa karnuka tun 2016, kuma da lambarsa ake gane ko wace dabba ce. Ka kula kuma da masu kiran waya idan dabbarka ta ɓace ka sa cigiya: sukan ce daga asibiti suke, an tsince ta da rauni, a turo kuɗin gwaji da tiyata nan take. Ka ajiye wayar, ka nemi lambar asibitin da kanka.

Idan kamfani na gaske ya ƙi biyanka kuma kana ganin an zalunce ka, ka rubuta musu ƙorafi; suna da mako takwas su ba ka amsar ƙarshe, daga nan kana da wata shida ka kai maganar ofishin Financial Ombudsman Service, mai raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, wanda ba ya karɓar kuɗi daga mai ƙara. Bayan saye ma kana da kwana 14 da za ka iya fasawa idan ka karanta sharuɗɗa ka ga ba su yi maka ba. Mun ɗauko ƙaramar kyanwa bara, kuma kafin in biya ko fam ɗaya sai da na roƙi asibiti su buga mini tarihinta, na karanta kowane layi, na tura wa kamfanin na ce su gaya mini a rubuce ko akwai abin da za su cire. Suka amsa cewa babu, na adana wasiƙar tare da katin riga-kafinta, sannan na sayi ta tsawon rai.